Basillar da Aka Bari a Jikin Tamfol

Masu haƙar yashi ne suka fara ganinsa. Gulbin Gagare ya cika ya tumbatsa, sannan ya janye da safe, ya bar wani dogon ƙunshi na shuɗin tamfol kwance a kan yashi can ƙasa da gada. Sun ɗauka kayan wani ɗan kasuwa ne ruwa ya kwaso. Ɗaya ya sa shebur ya dungura, ya ji abin da ya ji, ya yar da shebur ɗin ya ruga ofishin 'yan sanda na Kaura Namoda.

Sufeto Armiya'u ne ya zo, a kan mashin. Gajere ne kakkaura, ba ya son dogon bayani, ba ya kuma son a taɓa abu kafin ya gani. Ya kori mutane baya. An ɗinke tamfol ɗin tun daga ƙafa har kai, ɗinki matsattse. Wajen fuska kawai aka bar ɗinkin ƙarshe ba a ƙulle ba, aka soke basilla a nan, zarenta na reto. Armiya'u ya hana a taɓa ɗinkin. Ya sa aka tsaga tamfol ta baya da reza.

Tsoho ne a ciki, da rigarsa da hularsa. An ɗaure masa tsofaffin bakin garmar shanu guda biyu a ƙafa. Ba wanda ya tambayi ko wane ne. Duk Kaura an san Maccido Bosin.

Zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar gyaɗa daga Kaura zuwa Ikko, samari da yawa sun bi taragon gyaɗa sun tafi dako bakin teku. Wasu ba su tsaya a dako ba, suka hau jiragen ruwa na Kamfanin Shamuwa. Kamfanin yana zana shamuwa a jikin bututun hayaƙi, yana kuma sa wa jiragensa sunan tsuntsaye: Gauraka, Belbela, Shaho, Zalɓe. Su kai gyaɗa da auduga da fatu ƙasashen Turawa, su dawo da siminti da gishiri da injuna. Maccido ya fara da kankare tsatsa, ya kai matsayin bosin, wato shugaban leburorin jirgi. Daga baya kamfanin ya ruɓe daga sama. Aka riƙa kama jiragensa a tashoshin waje, saura aka sayar wa masu yanka ƙarfe, har ya zama babu ko ɗaya. Maccido ya dawo gida ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, yana ba da labarin teku ga mutanen da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi Gagare ba.

Likitan asibiti ya duba gawar. Ya ce an buge shi a ƙeya, amma ba bugun ne ya kashe shi ba. Da ransa aka ɗinke shi.

A kusurwar tamfol ɗin akwai suna da jan fenti: Muhtari. Masu yashi sun gani, kafin Armiya'u ya koma ofis maganar ta zagaye kasuwa. Saminu, babban ɗan mamacin, ya kwashi samari suka faɗa wa Muhtari mai ɗinkin buhu a kasuwar hatsi. Da ƙyar 'yan sanda suka ƙwace shi, an fasa masa baki, ido ɗaya ya rufe. Bayan azahar aka binne Maccido. Daga maƙabarta jama'a ba su koma gida ba, ƙofar ofis suka zo suka zauna.

"Sufeto," in ji Saminu, gora a hannunsa, "ko ka ba mu shi, ko mu shiga mu ɗauko. Ubana ba hatsi ba ne da za a ɗinke shi."

"Taka matakalar nan ka gani," in ji Armiya'u, ya shige.

DPO ya kira shi. "Ba zan iya riƙe mutanen nan ba. Gobe kafin magariba, in ba ka kawo min wani ba, zan sa a kai Muhtari Gusau."

Su duka biyun sun san motar ba za ta wuce tasha ba za a tare ta.

Armiya'u ya sa aka fito da Muhtari.

"Tamfol naka ne?"

"Nawa ne, yallaɓai. Haya nike ba masu hatsi in damina ta yi."

"Wa ya ɗauki wannan?"

"Ranar kasuwa, hadari bisa kai, kowa na wawaso? Ko uwata ta ɗauka ban gane ta ba."

"An ce kun yi faɗa da Bosin."

"Mun yi. Ya ce buhunana sun tare mishi hanya. Na ce in faɗin wuri yake so shi koma teku. Don wannan sai in kashe shi?"

Armiya'u ya miƙe. Ya jefa masa buhu da basilla. "Ɗinke."

Kafin a ƙifta ido Muhtari ya gama, soka nan, tsallaka can, ya ƙulle. Sannan Armiya'u ya shimfiɗa tamfol ɗin a gabansa. Muhtari ya kai idonsa mai gani kusa, ya yi wata dariya da ta sa bakinsa ya sake jini.

"Yallaɓai, da haka nike ɗinki da yunwa ta kashe ɗiyana. Wanga sai da anka huda da tsinke tukuna, sannan anka bi da zare biyu suna gicciye. Ɗinkin dukawa ne, irin na salkar ruwa, wanda ko ɗigo bai fita."

Armiya'u ya aika kasuwa aka duba buhunan da Muhtari ya ɗinka tun farkon kaka. Duk tsallake ne, babu ɗaya mai zare biyu. Ya yarda ba shi ba ne. Amma mutanen ƙofar ofis ba ɗinki suka zo kallo ba.

Da la'asar ya je gidan mamacin. Barakatu, matar Bosin, ta yi magana ta bayan labule.

"Shekaranjiya bayan la'asar ya fita. Ya ce zai duba wani sa bakin gulbi. Bai ce da wa ba."

"Su wa ke zuwa wurinsa, Inna?"

"Kowa. Har mutanen ƙauye na kawo mishi dawa da wake."

"Ya yi faɗa da wani kwanan nan?"

"Wani tsoho ya zo daga Shinkafi, Haidar Kuku. Tare sunka yi aikin jirgi. Na ji suna ɗaga murya a zaure, ana ta ambaton Zalɓe. Malam ya kore shi, ya ce kada shi sake taka ƙofar gidansa."

Da gari ya waye Armiya'u ya naɗe tamfol ya ɗaure a bayan mashin, ya bi jerin motocin da sojoji ke rakawa zuwa Shinkafi. Ya sami Haidar a gidan 'yarsa, zaune a tabarma. Kallo ɗaya ya yi masa ya cire shi daga lissafi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun yana kwance a cinya kamar tsumma. Ko kofin shayi sai an riƙe masa.

"Baba, an kashe Bosin."

"Na ji. Allah ya yi masa abin da ya yi wa mutane."

Armiya'u ya warware tamfol. Haidar ya bi ɗinkin da yatsan hagu.

"Wanda ya yi wannan bai taɓa hawa jirgi ba. In mutum ya mutu a teku muna ɗinke shi haka, da ƙarfe a ƙafa. Amma ba mu matse ɗinki. Sai ka bar wa ruwa hanya ya shiga, sannan gawa ta nutse. Wannan ya kulle iska a ciki. Dole ya yi ta yawo a saman ruwa."

Yatsan ya kai kan basilla. Ya tsaya nan.

"Haka kuka same ta?"

"Haka."

"Ɗinkin ƙarshe ta cikin hanci ake yinsa," in ji Haidar. "In da sauran rai, mutum zai zabura. Ƙa'ida ce, ba a tsallake ta. Sau ɗaya na ga an tsallake."

"Ina ji."

"Tafiyar ƙarshe ta Zalɓe. Kamfani ya riga ya mutu, mu ne ba mu sani ba. Abinci ya ƙare, ruwan sha ana awo da gwangwani. Akwai wani yaro mai zuba wa inji mai, Misbahu, ɗan Birnin Tsaba. Bosin ne da kansa ya kawo shi jirgi. Zazzaɓi ya kama shi, ido ya yi rawaya. Muna daf da tasha. In aka ga irin ciwon nan, tsare jirgin za a yi can nesa da gaɓa, ba shiga ba fita. Kyaftin ya ce Bosin ya san yadda zai yi. Ni kuku ne, ina ƙofar kicin ina kallo. Ya ɗinke yaron tun daga ƙafa. Da ya zo fuska, sai ya soke allurar a jikin tamfol, ya ce a tura. Ana turawa na ga ƙafa tana motsi."

"Wa ka gaya wa?"

"Wa zan gaya wa? Jirgin aka sayar, kowa ya kama gabansa. Na zauna Ikko ina sayar da tuwo shekara talatin da wani abu, sai da ciwon nan ya kayar da ni 'yata ta ɗauko ni. Da na dawo na ce akwai hakki a kaina. An yi rasuwa a gabana, ban taɓa zuwa gaisuwa ba. Na sa aka ɗora ni a mashin har Birnin Tsaba. Na yi sallama, na zauna, na ce na zo ta'aziyyar Misbahu, Allah ya ji ƙansa, ku yi haƙuri da na makara." Ya goge baki. "Sai wansa ya ce, wace ta'aziyya?"

"Ba su sani ba?"

"Bosin ya ce musu gudu ya yi. Wai ya sauka a wata tasha ya bi wata Baturiya. Ni ina zan sani? Abin da na je na tambaye shi ke nan a Kaura ya kore ni."

"Su wa ke zaune da ka faɗa?"

"Zubaida, wadda take matarsa a da, da wansa Mahmuda. Mahmuda bai yi kuka ba. Tambaya yake ta yi. Wane irin ƙarfe? Daga ina aka fara ɗinki? Allurar fa, a ina aka bar ta? Na ɗauka baƙin ciki ne."

Rana ta take tsaka lokacin da Armiya'u ya shiga Birnin Tsaba. Ya sami Zubaida tana tuyar ƙuli-ƙuli a tsakar gida, busasshiyar mace mai furfura. Ba ta bar tuyarta ba.

"An kashe Maccido Bosin, Inna."

"Madalla."

"Ke ce?"

"Da ni ce, ba ruwa zan kai shi ba, cikin man nan zan sa shi." Ta nuna kaskon da matsami. "Ka san shekarun da na yi zaune, ba aure ba saki, kafin alƙali shi raba? Mata na nuna ni a rijiya, ga wadda miji ya gudu ya bari saboda Baturiya. Uwarsa ta mutu tana tsine mishi. Tsinuwar uwa, yallaɓai, a kan yaron da ke ƙarƙashin ruwa."

Armiya'u ya dubi hannuwanta. Duk ƙunar mai ce. Ba ta da ƙarfin ɗaga buhun gero, balle ƙaton tsoho irin Bosin.

"Gidan su Misbahu mene ne sana'arsu?"

"Dukanci. Salka da guga. Mahmuda ya gada, Misbahu ya ƙi, ya bi Bosin."

"Mahmuda na zuwa Kaura?"

"Duk ranar kasuwa, da amalankensa. Kuma bai taɓa zuwa hannu rabbana ba." Ta yi tsaki. "Dawa, wake, har zabi yana kai wa Bosin, don shi ji ko an samu labarin ƙanensa. Shi kuma shi karɓa shi ce ana nan ana cigiya. Tun Mahmuda na da baƙin gashi."

Mahmuda yana gindin wata tsamiya a bakin gonarsa, yana gyaran guga. Dogo ne, ya haura sittin, amma damtsensa na mai riƙe garmar shanu ne. Ga amalanke, ga shanu biyu a ɗaure. Ya ga kakin 'yan sanda, bai tashi ba. Ya huda fata da tsinke, ya bi da zare biyu.

Armiya'u ya shimfiɗa tamfol kusa da gugan. Ɗinkin iri ɗaya ne, har tazarar huji.

"Malam Mahmuda, zan faɗi abin da na sani, inda na yi kuskure ka gyara min. Mutum uku ne a ƙasar nan suka san an bar allura a jikin tamfol ɗin Misbahu, ban da wanda ya bar ta. Haidar hannunsa ya shanye. Zubaida ba ta da ƙarfi, ba ta kuma iya ɗinkin fata. Saura kai. Mutumin Kaura in yana neman ƙarfe, tsohon ƙarfen reluwe zai ɗauka, yana nan zube ko'ina. Bakin garma manomi ne ke ajiye shi. Ranar kasuwa ka rufe hatsinka da tamfol ɗin Muhtari, ba ka mayar ba. Ka ce wa Bosin ya zo ya ga sa a bakin gulbi. Ya bi ka ba tsoro, don ya saba cin kayanka. Ka buge shi a ƙeya ya suma, ka ɗinke shi yadda Haidar ya faɗa. Sai dai Haidar bai gaya maka ana barin ɗinki sako-sako ba. Ka yi irin wanda hannunka ya saba, ka kulle iska a ciki, ruwa ya ƙi haɗiye shi."

Mahmuda ya ƙulle zarensa, ya yanke da haƙori.

"Wuri ɗaya ka yi kuskure. Ba suma ya yi ba har ƙarshe. Na kai ƙirji ya farka. Na tambaye shi, Bosin, an samu labarin Misbahu? Ya ce in tsaya mu yi magana. Na ce shekara talatin muna magana." Ya ɗago kai. "Ina anka gan shi?"

"Kan yashi, ƙasa da gada."

"Gadar Kaura?"

"Ita."

"Ko Shinkafi bai kai ba." Muryarsa ta canza. "Da bakinsa ya sha gaya muna duk gulbi teku yake zuwa. Can na aika shi, shi je shi iske yaron." Ya dubi Armiya'u ya ce, "Ina gawar?"

"An binne shi jiya. An yi masa wanka da likkafani, jama'a ta yi masa salla."

Sai a nan tsinken ya faɗi daga hannunsa. Ya dafe ƙasa da hannu biyu, kamar wanda aka nausa a ciki.

"Ya samu kabari," ya ce. "Bayan duk wannan, ya samu kabari."

"Akwai mutum a kulle a Kaura saboda kai. Jiya saura kaɗan a kashe shi, yau kafin magariba za a ƙarasa."

"Mai tamfol?" Mahmuda ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Shi bai yi mini komi ba. Mu tafi."

Armiya'u ya buga waya Kaura aka turo mota da 'yan sanda masu bindiga. Rana ta yi ja lokacin da suka iso. Jama'ar ƙofar ofis ta ninka ta jiya, wasu da jarkar fetur. Armiya'u ya tsaya a kan matakala ya ce ba Muhtari ba ne, ga wanda ya yi, ya kuma amsa da bakinsa, gobe kotu ce za ta ji sauran. Wuri ya ruɗe. Saminu ya kutso gaba da gorarsa har bindiga ta tokare masa ƙirji.

"Kai? Kai da ubana ke ba ka wurin zama a tabarmarsa?"

Mahmuda yana da ankwa a hannu. Bai ja da baya ba. Ya ɗaga murya yadda na can baya za su ji.

"Ubanka ya ɗinke ƙanena da ransa ya jefa teku don jirgi shi samu shiga tasha. Ya dawo ya ce muna gudu ya yi. Ya ci dawata shekara talatin a kan wannan ƙarya. Ku je Shinkafi ku tambayi Haidar Kuku, yana nan da rai. Kai gobe da safe kana da inda za ka je ka tsuguna ka yi wa ubanka addu'a. Ni ina zan je? Ka kashe ni in kana so. Da za a tono shi a ba ni, da na sake ɗinke shi, wannan karon sako-sako."

Aka ja shi ciki. Dattawan da suka sha zama a tabarmar Bosin suka fara duban ƙasa. Wani ya ɗauki jarkarsa ya juya. Saminu na tsaye, gora ta sauka.

DPO ya ce a fitar da Muhtari ta ƙofar baya. Muhtari ya ce ta gaba aka shigo da shi, ta gaba zai fita. Ya sauko matakala a hankali yana dafe da haƙarƙari. Mutane suka buɗa masa hanya. Ya tsaya a gaban Saminu, ya buɗe baki ya nuna masa gurbin haƙoran da aka zubar.

Wani dattijo ya ce, "Muhtari, kuskure ne. A yi haƙuri, a yafe."

"Ban yafe ba," in ji Muhtari. Ya bi fuskokin samarin da suka dake shi ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowa da sunansa da sunan ubansa, har ya gama. Sannan ya juyo ga Armiya'u. "Yallaɓai, ka ji su. Gobe da safe ina nan zuwa in shigar da ƙara."

"Ofis na buɗe," in ji Armiya'u.